Makullin Atiliyen Baban Safa

Litinin, da hantsi

Yau ne gidan ya fara yin shiru tun ranar da abin ya faru. Masu gaisuwa sun ja baya, Halimatou maƙwabciyata ta kwashe manyan tukwanenta ta hau sama, Safa ta koma Paris saboda karatu. Na share ɗaki, na sake sharewa, na rasa abin yi da hannuwana. Baban Safa, da kai zan yi magana a nan. Shekara ashirin da ɗoriya kana cika mini kunne da surutu, to yau layina ne, kuma ba ka da damar katse ni.

Yayanka Chaibou ya kira daga Clichy, can gefen Paris. Muka yi gaisuwa har ta ƙare, sai ya ce, “Ramatou, makullin atiliyen yaron nan yana hannunki?” Yaron nan. Kai da furfura har a gemu. Atiliyen kuwa, ɗakin sassaƙarka yake nufi.

Na ce yana nan. Ya ce in ajiye masa, zai zo kafin sadakar arba’in.

Talata, bayan azahar

Ya sake kira, yau ya fito da maganar fili. So yake a farfasa su a ƙone, duk abin da ka bari a wurin.

“Malamai sun faɗa,” in ji shi, “wanda ya sassaƙa siffa mai ido da baki, ran gobe za a ce ya busa mata rai. Da me zai busa, Ramatou? Ni na goya yaron nan a bayana. Ba zan zauna ina shan shayi, shi yana can ana tambayarsa ba.” A hankali yake maganar. Da faɗa ya yi mini, da na san abin da zan ce.

Ka ga inda ka bar ni? Gidanku masassaƙa ne tun a Mirya, turmi da taɓarya da akushi, aikin mutunci. Muka zo Lyon, na yi ƙorafin yajin inji ba ya daɗi, ka samo guntun icce ka zauna a tsakar gidan benen nan kana sassaƙa mini turmi. Tsoho Jacques mai gina kofunan yumɓu ya zo wucewa, ya tsaya kamar an dasa shi. Shi ya ja ka cikin harkar tiki, waɗannan ƙattin itatuwa masu zare ido da wage baki, wai irin na mutanen wasu tsibirai can tsakiyar teku, da ake jerawa a bar, wato mashaya, da gidajen masu sha’awarsu. Na ce maka, “Wannan ai gumaka ne.” Ka ce, “Wa kika ga ya yi musu sujada? Turmi ne ya yi fuska.” Ka yi ta dariya, ni ban yi ba. Tun ranar na ce ƙafata ba za ta taka atiliyen ba, kuma ba ta taka ba. Abinci ma a bakin ƙofa nake miƙa maka ina kallon gefe.

Yanzu ga makullin a cikin gwangwanin shayi, ni ce mai shi.

Laraba, da safe

Ban ce zan ba shi ba. Ban kuma ce ba zan ba shi ba.

Juma’a, bayan la’asar

Tabɗi! Yau na ga ikon Allah. Da kana nan da ka faɗi ƙasa don dariya.

Bayan masallaci maza suka zo addu’a, Malam Abdoul Razak ɗan Cadi yana gaba, falo ya cika. Sai aka buga ƙararrawa. Halimatou ta buɗe, ta ja da baya tana salati. Mutanenka ne, ƴan tiki. Kowa da riga mai furanni, ja da ɗorawa da shuɗi, wani har da hoton aku a baya, wata ta soka fure a kunne. Gidan makoki fa! Jacques yana gaba da sandarsa. Bayansa Madam Odile, mai bar ɗin Paris da ka ƙawata, ta taso tun daga can. Sai wani ƙato mai zane a hannuwa, Guillaume, ya nufo ni da baki zai yi mini bisu a kumatu, ni da ke cikin takaba. Halimatou ta tare shi da farantin dabino a ƙirji, ta ce, “Non, non, Monsieur, haram!” Bawan Allah ya tsaya riƙe da faranti, fuska ta yi ja, bai san laifin da ya yi ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, biki suka zo? Jacques ya lura. Ya sunkuyo ya ce, “Ramatou, mu ba ma sa baƙi in namu ya tafi. Rigar da kowa ya fi so ita yake sawa. Wannan tawa, sai rana ta musamman nake fito da ita.” Na duba, an goge ta har tana ƙyalli.

Suka cire takalma suka zauna a ƙasa, ƙafafu sun ƙi naɗuwa. Da Malam ya ɗaga hannu, suka kalli juna, su ma suka ɗaga, suka shafa a fuska bayan kowa ya gama. Guillaume kuka yake yi kamar yaro, har hanci. Abarba suka kawo kwando biyu, wai ita ka fi so. Me zan yi da abarba kwando biyu, Baban Safa?

Na shiga kicin na rufe ƙofa, dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Ita ce ta farko tun ranar. Ban san sa’ad da ta juye kuka ba.

Kafin su tafi Odile ta ce za su yi taron tunawa da kai a Paris, Lahadi ta sama, da rana. Ta ce za ta rufe bar, ta lulluɓe kwalabe, in zan zo. Na ce mata na gode.

Asabar, da hantsi

Labari ya riga Odile isa Paris. Yaya ya kira. “An ce ƴan gumakan sun zo da kayan biki.”

Na ce, “Yaya, sun yi kuka.”

Ya ce, “Kukansu ba zai sauke masa komai ba. Kin ajiye mini makullin?”

Na ce yana inda yake.

Lahadi, bayan asuba

Har yanzu ba na bin matakala, inda aka tsince ka. Asansar nake shiga, akwatin nan mai hawa da sauka, ni da nake tsoronta kamar me. Jakar da suka miƙo mini a lopital, asibitin da aka kai ka, tana bayan ƙofa, ban buɗe ba. Rigar sanyinka kuwa ban wanke ba, ƙamshin icce ne a jikinta, har da sassaƙe a aljihu.

Abin da ke cina shi ne, in Yaya ke da gaskiya fa? In kana can cikin wahala, ni ina nan ina rowar makulli saboda ina son abin da hannunka ya taɓa? In kuma na bari aka ƙone, me ya rage naka a duniya ban da rigar sanyi? Gaba kura, baya sayaki. Kai kuma ka yi shiru, yau da nake son ka yi magana.

Talata, bayan magariba

Safa ta ji. Ban san wa ya gaya mata ba, amma ina zargin Halimatou, bakinta ba ya riƙe ruwa.

“Maman, in kika ba Tonton makullin nan, je te jure, na rantse, ba zan ƙara yi miki magana ba.”

Na ce, “Ke, iya bakinki. Wan ubanki ne. Shi ne ubanki yanzu.”

“Ba ubana ba ne! Bai taɓa zuwa ya ga aikin Papa ba. Ke ma ba ki taɓa ba!”

Wannan ta soke ni. Sai na ji tana jan hanci. Ta ce, “Ki zo ran Lahadi, Maman. Ki gani da idonki, sannan ki yi abin da kike so.” Taurin kan nan naka ne ta ɗauko, kar ka ce nawa ne.

Laraba, da yamma

Na ji tiram, jirgin titin da kake dawowa a ciki, ya tsaya a ƙasa, na tashi na ɗora maka ruwan shayi. Sai da ya tafasa na tuna.

Alhamis, bayan azahar

Na sa Halimatou ta tambayar mini Malam Abdoul Razak ko mai takaba tana iya fita. Ya ce da rana, in da buƙata, ba laifi, amma ta kwana a ɗakinta. Bai tambayi wace irin buƙata ba, ni ma ban ce a faɗa masa ba. Jirgin ƙasan Paris da sauri yake, in na fita da safe zan dawo kafin dare. Na ce wa Halimatou goro da dabinon sadaka zan sayo a Barbès, wata unguwa a Paris. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ashe goron Guillotière ta nan Lyon ya ƙare?” Na ce na can ya fi kyau. Ta ce, “To, Allah Ya kiyaye hanyar goro.”

Lahadi, cikin jirgi, bayan la’asar

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Safa ta tare ni a gar, tashar jirgin ƙasa. Muka fara zuwa Barbès don kada in zama maƙaryaciya, na sayi goron a ƙarƙashin gadar metro, bai fi namu da komai ba. Daga nan muka nufi wurin Odile. Na tsaya a bakin ƙofa. Ni Ramatou, da baƙin mayafi, ba kwalli ba turare, a ƙofar bar! Safa ta kama hannuna ta ja ni.

Odile ta cika alkawari, duk kwalaben an lulluɓe su da zannuwa. Wurin cike yake maƙil da masu riguna masu furanni, wasu daga Beljiyam, wasu daga Jamus, har da wata da ta zo a keken guragu. Da na shiga suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Ba wanda ya nufo ni da baki. Guillaume ne ya tsaya yana gargaɗinsu, hannu a ƙirji, kamar shi ya ƙirƙiro dokar.

Habi suke ce maka. Habi kaza, Habi kaza. Kowa ya tashi da nasa labarin. Odile ta ce wata uku ka yi kana aiki a wurin, ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinka ba, ruwan abarba da citta kawai, har suka sa wa abin sunanka. Guillaume ya ce in lokacin salla ya yi, ɗakin ajiya kake shiga tsakanin kwalaye, shi kuma ya tsaya gadin ƙofa kada a dame ka. Wani saurayi ya ce ya kawo maka aikinsa na farko, ka juya shi ka juya, ka ce, “Wannan ba tiki ba ne, kawuna ne in ya sha magani mai ɗaci,” sannan ka zauna da shi har yamma kana nuna masa yadda ake bin jijiyar icce. Suka yi dariya suna share hawaye. Na ce a raina, wannan kai ne, ba ƙarya.

Duk wannan lokaci ƙasa nake kallo. Na san suna kewaye da ni, manya da ƙanana, jikin bango da kan kanta, amma ban ɗaga kai ba. Sai Jacques ya matso da kujerarsa ya ce, “Ramatou, dubi bakinsu. Sau ɗaya kawai.”

Na duba. Babban da ke bakin ƙofa ya wage baki, haƙora jere, a tsakiyar na gaba akwai ƴar tazara. Na dubi na kusa da shi, haka. Na kan kanta, haka. Har kofunan da Jacques ya gina daga zanenka, haka. Wushirya ce da su duka.

Jacques ya ce, “Ko’ina a duniya, in aka ga tiki mai wannan, an san na Habi ne. Ba ya rubuta sunansa a aikinsa, wannan ce alamarsa. Mun sha tambayarsa, sai ya yi dariya ya ce ta gida ce.”

Ban san sa’ad da na ja mayafi na rufe bakina ba. Ai kuwa sai na tona kaina. Odile ta dube ni, ta dubi tikin, ta dafe ƙirji ta ce, “Oh, mon Dieu.” Safa ta faɗa jikina tana kuka tana dariya.

Kai, Baban Safa, ba ka da kunya! Ashe shekara da shekaru kana tallata bakina a duniya, daga Paris har inda ban sani ba, ni kuma ina miƙa maka tuwo ina kau da kai. Ka manna wushiryata a fuskokin nan munana. Da ka faɗa mini, da na yi sati ban yi maka magana ba. Ina sonka, ɗan rainin wayo. Ban iya faɗa da baki ba kana nan, to ga shi na rubuta.

Litinin, da safe

Tsofaffinmu sun ce mai takaba ba ta duba madubi. Na duba. Na yi murmushi da gangan don in gani.

Laraba, bayan la’asar

Yaya zai zo ran Asabar. Arba’in ran Litinin.

Alhamis, da hantsi

Jacques ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga saboda ni kaɗai ce. Ka ga, ya koyi darasi. Safa ta gaya masa komai. Ya ce yana da mota, ƙanensa yana da rumbu a ƙauye, gobe da safe shi da Guillaume za su kwashe kayan tas, in Chaibou ya zo a ce masa an riga an ba masu su.

Wallahi zuciyata ta so. Har na juya zan ɗauko gwangwanin shayi.

Sai na ce masa a’a. Mutumin da ya goya ka, ya ciyar da kai bayan rasuwar babanku, ba zan tare shi da ƙarya ba. Kuma, in faɗa maka gaskiya, ban tabbata ba shi ke da gaskiya ba. Jacques ya daɗe yana kallon takalmansa. Ya ce, “Aikin shekara ashirin ne, Ramatou.” Na ce na sani. Ya sauka a hankali, ina jin sandarsa a matakala har ƙasa.

Juma’a, bayan magariba

Safa ba ta ɗaga wayata.

Asabar, da yamma

Yaya ya zo da jirgin safe. Ya rame, Baban Safa, babbar rigarsa kamar a jikin ƙusa take rataye. Bai ci abinci ba, ruwa kawai ya sha. Na ɗauko makullin na sa a tafin hannunsa. Na ce, “Yaya, ga shi. Amma zan bi ka.”

Muka tafi a ƙafa, yana gaba ina baya. Ya buɗe. Ƙamshinka ya fito ya tare ni, har sai da na dafa bango. Ashe haka wurin yake. Kujerarka, kofin shayinka da ganyen ya bushe a ciki, dardumar salla a naɗe kan taga. Su kuma ga su tsaitsaye, sun fi ashirin, kowa yana mini murmushi da bakina.

Yaya bai dube su ba. Ya naɗe hannun riga, ya zaɓi gatari a jikin bango, ya gwada kaifinsa da babban yatsa. Ya kwantar da na farko, wani dogo mai jan icce. Ya yi bisimilla. Sara uku ya yi, fuskar ta rabe biyu. Na cusa mayafi a baki don kada in yi ihu. Ban hana shi ba.

Ya jawo na biyu ya kwantar. Ya sa hannu a ramin bayansa don ya gyara masa zama, sai hannun ya tsaya a ciki. Na ga yatsunsa suna bin sawun gizago a hankali, sama da ƙasa. Ya ce, kamar ba da ni yake ba, “Yaron nan bai bar saran Baba ba. Daga hagu yake farawa.”

Ya miƙe ya ɗaga gatarin. Ya tsaya haka, hannuwa a sama.

Na ce, “Yaya, kafin ka sara, dubi bakinsa. Nawa ne. Duka nawa ne ya sa musu. In tambayarsa ake yi, ni ma ina ciki.”

Ya dubi tikin. Ya ɗan dube ni, ya yi maza ya kau da kai, ka san shi da kunya. Gatarin ya sauko a hankali har ƙasa. Ya zauna a kan kujerarka, ya rufe fuska da hula.

“Ni na koya masa riƙon gizago,” in ji shi. “Yana ɗan ƙanƙane, hannunsa cikin nawa. Wancan da na sara, Ramatou, wallahi ji na yi kamar shi nake sara.”

Ban taɓa ganin kukan Yaya ba, ko a maƙabarta an ce bai yi ba. Na juya masa baya na ba shi wuri.

Da ya tashi, ya mayar da gatarin inda ya ɗauko shi. Ya tattara ɓarin biyu na wanda ya fasa, ya jingina su a kusurwa. A bakin ƙofa ya miƙo mini makullin ya ce, “Ki rufe. Ni ba zan iya ba. Allah Ya fi ni sanin ƙanena, Ya kuma fi ni jin ƙansa.”

Na rufe.

Litinin, bayan la’asar

An yi arba’in. Safa ta zo, ta durƙusa ta gaida Yaya, ya dafa kanta. Shi ya roƙi Malam ya tsawaita addu’a, aka tsawaita har ƙafafu suka yi sanyi.

Ban sani ba ko mun yi maka daidai, Baban Safa. Shi ma bai sani ba, na gani a idonsa. Tsoron yana nan, ina jin zai zauna da ni, sai dai in yi ta roƙa maka gafara a kowace sujada.

Da zai tafi gar, ya ɗauki jakarsa, ya yi sallama, har ya kai bakin asansar. Sai ya dawo. Ya tsaya yana gyara hula, bai kalle ni ba.

Ya ce, “Ki riƙa zuwa kina buɗe musu taga. Icce ba ya son danshi.”